Jori Hamani, Shugaban Da Bai Juya Wa Kudu Baya Ba

 A wannan fitowa ta zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, shafin tarihi ya faɗo kan marigayi Jori Hamani, shugaban Jamhuriyar Nijar na farko, wanda a takardun gwamnati ake rubuta sunansa Diori Hamani. Dalilin zaɓensa ba ɓoyayye ba ne. Duk ranar da aka datse iyaka, manyan motoci suka yi layi a Ɗan Isa ko Ƙonni ko Gaya, albasa tana ruɓewa cikin buhu, sunan da ke fara fitowa daga bakin dattawanmu shi ne nasa. Akasarinmu ba mu ga mulkinsa ba. Ya kamata mu san wane ne mutumin, me ya yi har ake kewarsa, da kuma abin da masu kewar kan tsallake idan suna ba da labari.

An haife shi ranar 6 ga Yunin 1916 a Sudure, kusa da Yamai. Bazabarme ne, mahaifinsa ma'aikacin lafiya ne a zamanin Turawa. Ya yi karatu har makarantar William Ponty ta Senegal, inda Faransa ke horar da malamai da akawuna na ƙasashen da take mulka, ya dawo gida ya kama koyarwa a 1936. Abin da zai ba wasu mamaki shi ne, a 1938 an kai shi Faris ya koyar da Hausa da Zabarmanci ga Turawan da ake shiryawa aikin mulki a Afirka. Wato tun bai shiga siyasa ba ya san Bafaranshe a gidansa, ya kuma iya harshen kasuwannin gabas.

A 1946, yana shugaban makaranta a Filinge, aka kafa jam'iyyar PPN da shi, wadda ta zama reshen RDA mai alamar giwa. A shekarar aka zaɓe shi ɗan majalisar dokokin Faransa. Ya faɗi a 1951, ya koma a 1956, har ya zama mataimakin shugaban majalisar a 1957. Babban abokin hamayyarsa shi ne Jibo Bakari na Sawaba, mai alamar raƙumi, wanda ke riƙe da gwamnatin cikin gida tun 1957. Da Janar Degol ya kawo ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumban 1958, Jibo ya nemi a ƙi, a karɓi ƴanci nan take kamar yadda Gini ta yi. Jori ya nemi a amince a zauna cikin tarayya da Faransa tukuna. Sarakuna da gwamnan Turawa suka mara masa baya, masu amincewa suka samu kusan kashi 78 cikin 100. Ranar 18 ga Disambar 1958 ya zama shugaban gwamnati, ranar 3 ga Agustan 1960 kuma ya ayyana ƴancin kan ƙasa.

Halinsa na mulki shi ne a bi sannu. Bai taɓa sarauta ba, bai kori Faransa ba, bai sake kuɗi ba. Wanda bai san abin da ya faru a maƙwabta ba zai ga wannan ba wani abin yabo ba ne, don haka bari mu ɗan tsaya nan. Gini ta fita daga sefa a 1960, daga baya Seku Ture ya matse ƴan kasuwa masu zaman kansu, gwamnati ta karɓe saye da sayarwa. Mali ta buga nata kuɗin a 1962, da ƴan kasuwar Bamako suka fito suka nuna ƙin yarda a watan Yulin shekarar, aka kama manya aka ɗaure. A Nijar kuwa dala goma, wato sefa 50, ita ce faran ɗaya na Faransa tun 1960, kuma haka ta tsaya har Janairun 1994 da aka karya darajarta. Ana iya yin gardama kan sefa, ana ma kan yi, amma ɗan kasuwan wancan lokaci ya san abin da ya kwana a aljihunsa shi zai tashi da shi. Shi ya sa ma ƴan uwanmu na ƙetaren iyaka ke neman sefar idan za su sayo kaya daga waje.

Ba wai ya sakar wa kasuwa mara gaba ɗaya ba ne. A 1962 an kafa SONARA, aka ba ta ita kaɗai izinin fitar da gyaɗa, aka kafa COPRO-Niger ta riƙe shigo da wasu kayan masarufi irin su sukari da gishiri da shayi. Sai dai SONARA ta ba fataken gida lasin sayen gyaɗa daga manoma, aikin da a da kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka mamaye, ɗan ƙasa yana yi musu yaron kanti. Da wannan lasin, da bashin bankin BDRN, wasu daga cikin Alhazan Maraɗi da Damagaram suka sayi motocinsu na farko. Gidajen kasuwanci da dama da muke ji da su yau, idan aka bi salsala, a kan buhun gyaɗar zamanin Jori aka aza harsashinsu.

Amma babban abin da ya sa masu fataucin ƙetare ke riƙe da sunansa shi ne yaƙin Biyafara. Nijar ba ta da teku. Gyaɗar gabas tun zamanin Turawa jirgin ƙasa take bi daga Kano da Ƙaura Namoda da Nguru zuwa Legas. Iyakarmu da Najeriya kusan kilomita 1,500 ce, kuma duk tsawonta dangi ne da surukai da abokan ciniki a ɓangarorin biyu. Da yaƙi ya ɓarke a Yulin 1967, Faransa ta Degol ta karkata ga Biyafara. Ufuwe Buwanyi na Kwaddibuwa, wanda shi ne uban tafiyar RDA kuma aminin Jori, ya amince da Biyafara a matsayin ƙasa a Mayun 1968, haka ma Gabon. Kowa ya san Nijar a lokacin da tallafin Faransa take cike giɓin kasafinta. Duk da haka Jori ya ƙi bin su, ya tsaya kan Najeriya ta zauna ƙasa ɗaya. Mutumin da ake yi wa kallon ba ya iya musa wa Faransa, a nan ya musa mata, a kan batun da tuwon talakan iyaka ya rataya.

Bai tsaya ga goyon baya na baki ba. Yana cikin shugabanni 6 da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta naɗa a Kinshasa a Satumban 1967 don neman sulhu, tare da Haile Selassie na Habasha da Ahmadu Ahijo na Kamaru da sauransu. A Yulin 1968 Yamai ce ta karɓi zaman, Janar Gawon ya zo, Ojukwu ma ya zo, aka share fagen tattaunawar da aka ci gaba da ita a Adis Ababa. Sulhun bai ɗore ba, sai a Janairun 1970 yaƙin ya ƙare. Amma Legas ba ta manta da wanda ya tsaya mata ba. A Maris ɗin 1971 aka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijar da Najeriya, hedkwatarta a Yamai. A zamaninsa ne kuma aka ƙulla yarjejeniyar wutar Kainji, ko da yake layin Birnin Kebbi zuwa Yamai bai fara aiki ba sai bayan an sauke shi. Wannan layin ne aka yanke a Agustan 2023, aka mayar a Maris ɗin 2024. A shekarun yaƙin ne ma harkar kayan wucewa ta fara ƙarfi, wato a sauke taba da atamfa a Kwatano, a biyo da su ta Gaya zuwa Maraɗi, daga nan su gangara kudu.

Idan dattijo ya kwatanta wannan da abin da ya biyo baya, ba za a ga laifinsa ba in ya yi ajiyar zuciya. An rufe iyaka daga Afrilun 1984 zuwa Maris ɗin 1986, ga fari, har mutanen karkara suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan shugaban Najeriya na lokacin. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Ta 2023 kuwa kowa a cikinmu yana da nasa lissafin asarar.

Sauran ayyukansa ba sai mun ja su da tsawo ba: hukumar kogin Kwara da ta tafkin Chadi a 1964, masana'antar siminti ta Malbaza, gadar Kennedy a 1970, taron Yamai na 20 ga Maris ɗin 1970 da ya haifi ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, da jami'ar Yamai.

To, ga ɓangaren da ake yawan tsallakewa. Shi ma Jori ya taɓa jawo rufe hanya. A ƙarshen 1963 rigima ta tashi da Dahome, wato Benin ta yanzu, a kan tsibirin Lete. Gwamnatinsa ta kori ƴan Dahome da ke aiki a Nijar, su kuma suka tare kayanmu a hanyar Kwatano da Paraku. Sai a 1965 aka lafa, tsibirin kuwa sai a 2005 kotun duniya ta tabbatar wa Nijar shi. Wanda ya ji zafin korar da Gana ta yi wa baƙi a 1969, lokacin da ƴan uwanmu suka baro Kumasi da Ankara da ɗan abin da hannu zai iya ɗauka, ya san abin da waɗancan ƴan Dahomen suka ji.

Sai batun Sawaba, wanda ya fi shafar gidajenmu. An haramta jam'iyyar a 1959, ƙasa ta koma ta jam'iyya ɗaya, Jori da Bubu Hama shugaban majalisa da Jamballa Maiga ministan cikin gida suka riƙe komai. Su wane ne ƴan Sawaba? Ƙananan ƴan kasuwa ne da direbobi da ƴan kamasho da teloli na Maraɗi da Tasawa da Damagaram, irinmu dai. Da yawa sun gudu Kano wajen abokansu na NEPU. A Oktoban 1964 wasunsu suka shigo da makamai, aka murƙushe su, aka harbe wasu a bainar jama'a, aka cika gidajen kaso, har da waɗanda ba su taɓa riƙe bindiga ba. A Afrilun 1965 aka jefa wa Jori gurneti a filin Idin babbar salla a Yamai, Allah ya kuɓutar da shi, kamun kuma ya ƙaru. Zaɓukan 1965 da 1970 shi kaɗai ya tsaya. Saboda haka a cikin ƙungiyar nan akwai jikokin waɗanda suka samu lasin gyaɗa, akwai kuma jikokin waɗanda suka kwana a kurkuku, kuma duka a tabarma ɗaya suke zama ranar taro. Sanyin halin da ake yaba masa, shugabannin waje sun fi ɗanɗana shi fiye da ƴan adawar gida.

Manomi ma bai ji daɗi yadda ɗan kasuwa ya ji ba. Harajin kai, wanda tsofaffi ke kira lanho, da jangalin dabbobi, ana karɓar su ko an yi damina ko ba a yi ba. Mutum kan sayar da hatsinsa da kaka da araha don ya biya, ya dawo ya saya da tsada da bazara. Akwai waɗanda suka ƙetare iyaka suka zauna can saboda wannan kawai.

Fari ya fara tun 1968, ya kai maƙura a 1973. Garkunan Buzaye da Fulani suka ƙare, mutane suka kwararo garuruwa, aka yi sansani a Lazare bakin Yamai. Taimakon abinci ya zo daga waje, amma aka riƙa ganin hatsin a rumbunan wasu manyan jam'iyya da a kasuwa ana sayarwa, talaka yana mutuwa. Gaskiya ɗaya ce, irin wannan hatsi ba ya kai kansa kasuwa, sai da hannun ɗan kasuwa. Jori ya yi ta yawon neman taimako a duniya, a farkon 1974 kuma ya matsa wa Faransa ta ƙara kuɗin yuraniyom tunda man fetur ya yi tsada, amma ya kasa tsawata wa na kusa da shi. Shugaba Pompidou na Faransa ya mutu ranar 2 ga Afrilun 1974 ana tsakiyar wannan ciniki. Ranar 15 ga watan, da dare, sojoji ƙarƙashin Laftanar Kanar Saini Kunce suka kifar da gwamnatin. An kashe matarsa Hajiya A'isa a fadar a wannan dare. Sojojin suka kafa hujja da yunwa da cin amanar kayan taimako, suka buɗe rumbuna, kuma jama'a ba ta fito ta kare shi ba. Daga baya gwamnatin sojan ta soke harajin kan.

An tsare shi a barikin Damagaram har 1980, sannan aka mayar da shi Yamai aka yi masa ɗaurin talala. Bai samu cikakken ƴanci ba sai bayan rasuwar Kunce a Nuwamban 1987, lokacin Janar Ali Shaibu. Wato shekarun da ya yi a tsare sun kusa kai waɗanda ya yi yana shugaban ƙasa. Ya tafi Maroko, ya rasu a Rabat ranar 23 ga Afrilun 1989 yana da shekara 72, aka kawo gawarsa gida. Babban filin jirgin saman Yamai sunansa yake ɗauke da shi. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan waɗanda suka rasu a gidajen kaso da na sansanin Lazare, da iyayenmu da suka riga mu bin waɗannan hanyoyi.