Samuel Ryder: mai saida iri da ya bar wa duniya kofin zinare

A filin tarihin mutane na wannan mako mun ɗauko muku wani Bature da sana'arsa ba baƙuwa ba ce gare mu nan Badaguishiri: saida iri. Kamar yadda manoman albasa na Galmi suka san darajar iri mai kyau, haka shi ma ya sani, kuma da shi ya yi arziki.

An haifi Samuel Ryder ranar 24 ga Maris 1858 kusa da Preston, a Ingila. A 1895 ya koma garin St Albans, ya shiga ƙulla irin kayan lambu da na furanni cikin ƴan takardu, ƙulli ɗaya kwabo ɗaya, yana aikawa ta gidan waya. Ran Juma'a yake aikawa, don ma'aikaci ya samu ran Asabar, sa'ad da yake da sararin shiga lambunsa. Da wannan kwabo-kwabon ya tara dukiya, har ya zama magajin garin a 1905.

Aiki ya ci ƙarfinsa, jiki ya ƙi. Yana wajen shekara 50 aka ba shi shawara ya riƙa fita shan iska, nan ne fa ya kama wasan golf, wanda wasu ke ce wa ƙwallon lambu. Abin ya shige shi, har ya ɗauki gwanin ɗan wasa Abe Mitchell yana biyansa don ya koya masa.

A 1926 ƙwararrun Birtaniya da na Amurka suka kara a Wentworth, masu gida suka yi kaca-kaca da baƙi, 13 da rabi da 1 da rabi. Ryder ya ga bai kamata abin ya tsaya nan ba, sai ya bada kofin zinare, da ɗan mutum-mutumin Mitchell a samansa. An fara gasar a hukumance a 1927 a Worcester ta Amurka. Mitchell bai je ba saboda rashin lafiya, Amurkawa kuma suka rama, 9 da rabi da 2 da rabi. A 1929 Birtaniya ta karɓe kofin a Moortown da 7 da 5, Ryder da kansa ya miƙa shi ga kyaftin George Duncan.

Ya rasu a Landan ranar 2 ga Janairu 1936, aka binne shi a St Albans.

Bayansa Amurka ta daɗe tana danne Birtaniya, har aka ji tsoron gasar ta mutu don rashin armashi. Shi ya sa a 1979 aka shigo da sauran ƴan wasan Turai. A 1985 Turawan suka ci, karo na farko da Amurka ta sha kashi tun 1957. A 2012 kuwa, a Medinah, ana binsu 10 da 6 suka farfaɗo ranar ƙarshe suka ci 14 da rabi da 13 da rabi.

Mu da muka san yadda gari ke tashi in an sa takobin kokowa tsakanin jihohi, ba sai an faɗa mana ba: ɗan wasa in ya ɗauko sunan ƙasarsa, zuciyarsa daban take. Duk shekara 2 ake wannan karon, kuma har gobe sunan mai saida irin nan ne a jikin kofin.