Ibrahim Narambaɗa: Makaɗin da ya mayar da fada makaranta

An haifi Ibrahim Narambaɗa a ƙarshen ƙarni na 19 a garin Tubali na ƙasar Isa, gabashin Sakkwato. Mahaifinsa Maidangwale mutumin Filinge ne ta ƙasar Nijar, mahaifiyarsa Riba kuma 'yar gidan makaɗa ce daga Badarawa. Ta wajenta ya gaji kiɗan kotso. Laƙabinsa kuwa ya samo asali ne daga wata karyarsa mai suna Rambaɗa.

Da waƙoƙin noma ya fara, yana zuga manoma a gonaki, kafin ya koma kiɗan sarauta. Tauraronsa ya haska sosai bayan da ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa, Amadu Bawa, wanda ya yi wa mafi yawan fitattun waƙoƙinsa. Bai tsaya kan sarakuna kaɗai ba, domin ya waƙe alƙalai da dawaki, kamar yadda ya yi a waƙar Dokin Iska Ɗanfilinge. Bakandamiya ce ake ɗauka a matsayin gagarabadan waƙoƙinsa.

Abin da ya bambanta shi da takwarorinsa shi ne zurfin tunani. Yabo a bakinsa yakan zo tare da nasiha kan haƙuri, gaskiya, mutuwa da juyin zamani, cikin tsantsar Hausar Gobirawa mai cike da karin magana da habaici.

Ƙungiyarsa kuma tamkar makaranta ce. A wancan zamani babu rubutaccen kiɗa, don haka sai jagora ya ƙago amshi, ya yi ta bitarsa da yaransa har ya zauna, sannan a ɗora ɗiyan waƙa. Ta haka 'yan amshinsa suka ƙware wajen karɓar baiti su ƙarasa shi tun kafin ya rufe baki, salon da makaɗan fada na bayansa suka yi koyi da shi.

Ya rasu a farkon shekarun 1960. Waƙoƙin da aka ɗauka a faifai ne suka tsira, gidajen rediyo irin na Kaduna suka yaɗa su, masana kamar Farfesa Aliyu Muhammad Bunza suka rubuta littafi a kansa. Sauran suna ƙwaƙwalwar dattawan Isa da Sabon Birni, kuma duk wanda ya kwanta dama a cikinsu yakan tafi da abin da ya haddace.