WILBUR WRIGHT (1867–1912): MAI GYARAN KEKE DA YA ƘERA JIRGIN SAMA

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci jirgin sama, abin da kan zo a zukatan mutane shi ne manyan masana'antu da ɗimbin injiniyoyi da dukiya mai yawa. To amma tarihi ya nuna cewa jirgin farko da ya ɗauki mutum ya tashi da ƙarfin injinsa, yana kuma bin umarnin matuƙinsa, an ƙera sassansa ne a shagon gyaran keke, wanda kayan aikinsa ba su fi na wani babban garejin da ke Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ko Hotoro ba. Wannan babi zai yi bayani a kan rayuwar Wilbur Wright, wanda shi da ƙanensa Orville suka yi wannan aiki. Za a fi mayar da hankali ga yadda suka tsara jirgin da yadda suka zaɓi injinsa da tsarin wutarsa, domin a nan ne darasin rayuwarsa yake.

2.0 Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Wilbur ranar 16 ga Afrilu, 1867, kusa da garin Millville a jihar Indiyana ta ƙasar Amurka. Mahaifinsa, Milton Wright, malamin addinin Kirista ne da ya kai matsayin bishop. Mahaifiyarsa Susan kuwa 'yar maƙerin keken doki ce, ta kuma gaji iya aikin hannu, har ta zama ita 'ya'yan kan tuntuɓa idan wata na'ura ta gagare su. A shekarar 1878 mahaifinsu ya kawo musu tsarabar wani abin wasa da aka yi da gora da takarda, wanda roba ke juya farfelarsa ya tashi sama. Wilbur da Orville sun yi ta wasa da shi har ya lalace, sannan suka shiga ƙera irinsa.

Iyalin sun koma birnin Dayton na jihar Ohayo a 1884, kuma wannan ƙaura ta sa Wilbur bai karɓi takardar kammala sakandare ba. Yana da niyyar shiga Jami'ar Yale, sai aka buge shi da sanda a fuska wajen wasan hoki, ya rasa haƙoransa na gaba. Wannan ya sa ya killace kansa a gida na wasu shekaru, yana karatu a ɗakin littattafan mahaifinsa, yana kuma jinyar mahaifiyarsa da ke fama da tarin fuka har ta rasu a 1889. Daga nan ya shiga sana'ar ɗab'i tare da Orville. A 1892 suka buɗe shagon sayar da keke da gyaransa, zuwa 1896 kuma suka fara ƙera kekunan kansu.

3.0 Matsalar Sarrafa Jirgi

A watan Agusta na 1896 wani Bajamushe mai suna Otto Lilienthal, wanda ya shahara wajen shawagi da jirgi marar inji, ya faɗo ya mutu. Wannan labari ya ja hankalin Wilbur ƙwarai. A ƙarshen watan Mayu na 1899 ya rubuta wa Cibiyar Smithsonian da ke Washinton wasiƙa, yana neman rubuce-rubucen da aka yi a kan tashi sama. Da ya nazarce su, sai ya lura cewa matsalar ta kasu gida uku: fiffiken da zai ɗaga nauyi, da injin da zai tura jirgi, da hanyar da matuƙi zai bi ya sarrafa shi. Akasarin masu bincike sun duƙufa ne a kan biyun farko, shi kuwa sai ya ga na ukun ne ke kashe mutane.

A nan sana'arsa ta yi masa rana. Mai keke ya san cewa keke ba ya tsayuwa da kansa, mahayinsa ne ke daidaita shi, kuma idan zai sha kwana sai ya karkata. Wilbur ya kuma lura da yadda manyan tsuntsaye ke murɗa bakin fukafukansu idan iska ta karkatar da su. Wata rana a shago yana riƙe da dogon kwalin robar cikin taya, sai ya murɗa shi, ya ga gefe ɗaya ya ɗaga, ɗayan ya sunkuya. Ya gane cewa za a iya murɗa fukafukai biyu da ke bisa juna kamar haka ta hanyar jan waya. Ya jarraba dabarar da wani ƙaramin samfuri mai faɗin ƙafa 5, wanda ake riƙewa da igiya daga ƙasa, ta kuwa yi aiki.

4.0 Gwaje-gwajen Kitty Hawk

Bayan sun tuntuɓi hukumar kula da yanayi, 'yan'uwan sun zaɓi Kitty Hawk, wani ƙauyen masunta a gaɓar teku a jihar Karolina ta Arewa, saboda iskarsa mai ƙarfi da tuddan rairayi masu taushin faɗuwa. Jiragen da suka kai can a 1900 da 1901 ba su da inji, kuma ba su ɗaga nauyin da lissafin magabata ya nuna ba. Na 1901 bai ba da fiye da kimanin sulusin abin da aka zata ba. Maimakon su ci gaba da dogaro da alƙaluman wasu, sai suka koma shago suka ƙera wani akwati mai tsawon ƙafa 6, fanka na hura iska ta cikinsa. A ciki suka auna ƙananan fukafukai kusan 200 masu siffofi daban-daban, da ma'aunin da suka haɗa da wayar ƙafar keke da tsofaffin ruwan zarto.

Da sakamakon wannan awo suka tsara jirgin 1902, mai fukafukai dogaye, sirara. Sun sa masa wutsiya mai juyawa, suka haɗa ta da wayoyin murɗa fiffike. Sun yi shawagi da shi sau ɗaruruwa, har suka ƙware. Sai bayan an warware matsalar sarrafawa sannan aka waiwayi inji.

5.0 Zaɓen Inji da Tsarin Wuta

Da yake sun san nauyin jirginsu da irin turjiyar da iska za ta yi masa, sun iya lissafa ƙarfin da suke bukata. A watan Disamba na 1902 suka rubuta wa kamfanonin ƙera injin mota cewa suna neman injin fetur mai ƙarfin doki 8 zuwa 9, wanda nauyinsa bai wuce laba 180 ba, wato kimanin kilo 82. Ba su sami wanda ya dace ba. Don haka suka yanke shawarar ƙera nasu, suka ɗora aikin a kan Charles Taylor, makanikin da suka ɗauka a shagon tun 1901. Da injin sassaƙa ƙarfe da na huda ƙarfe na shagon, yana bin zanen da suke yi masa a guntayen takardu, Taylor ya gama aikin cikin makonni shida. An tayar da injin a watan Fabrairu na 1903, gangar jikinsa ta tsage, aka sake zuba wata.

Injin yana da silinda huɗu a kwance. An zuba gangar jikinsa da alminiyam don rage nauyi, kuma ya ba da ƙarfin doki 12, fiye da abin da suka nema. An cire masa duk abin da ba dole ba. Ba shi da famfon mai, domin an rataye ɗan ƙaramin tanki a sama, fetur na gangarowa da kansa. Ba shi da kafireta irin ta mota, zafin injin ne ke mayar da man tururi ya gauraya da iska. Haka kuma ba shi da totur. An ɗaura masa dogon lagireto a jikin ɗaya daga cikin sandunan da ke tsakanin fukafukai.

Dangane da wuta kuwa, injin ba shi da fulogi. A cikin kowace silinda akwai 'yan ƙarafa biyu da ke haɗuwa su rabu, kuma rabuwarsu ce ke fitar da tartsatsin da ke kunna mai. Wajen tayarwa ana jona masa busassun batura da koyil, waɗanda ake bari a ƙasa. Da zarar ya kama, sai a mayar da shi kan maganeto, wato ƙaramar na'urar maganaɗisu da ke samar da lantarki yayin da injin ke juya ta. Ta haka jirgin ya huta da ɗaukar batir, wayoyinsa kuma suka zama kaɗan. Hikimar wannan tsari ba ta gushe ba, domin yawancin ƙananan jirage masu injin fistan suna amfani da maganeto biyu da fulogi biyu a kowace silinda, ta yadda ko batir ya mutu, ko maganeto ɗaya ta lalace, inji ba zai tsaya a sama ba.

Farfela ta fi injin ba su wahala, saboda babu wani ingantaccen lissafi a kanta. Bayan doguwar muhawara a tsakaninsu, suka fahimci cewa farfela ba komai ba ce face fiffike mai juyawa. Suka sassaƙa guda biyu daga katako, kowace mai tsawon ƙafa 8 da rabi, suka haɗa su da inji ta hanyar sarƙa irin ta keke amma mai kauri. Sun harɗe sarƙa ɗaya domin farfelolin su riƙa juyawa saɓanin juna, kada jirgin ya karkace. Bugu da ƙari, da yake injin yana dama da matuƙi kuma ya fi shi nauyi, sun ƙara wa fiffiken dama tsawon inci 4.

6.0 Ranar 17 ga Disamba, 1903

A daidai wannan lokaci Samuel Langley, shugaban Cibiyar Smithsonian, yana nasa ƙoƙarin da tallafin dala 50,000 daga ma'aikatar yaƙin Amurka. Injinsa mai ƙarfin doki 52 ya ninka na 'yan'uwan fiye da sau huɗu, amma jirginsa ya faɗa kogin Potomac ranar 7 ga Oktoba, ya sake faɗawa ranar 8 ga Disamba, 1903. Su kuwa abin da suka kashe a kan nasu jirgin, na katako da waya da farin yadin auduga, bai kai dala 1,000 ba, kuma daga ribar keke ya fito.

Su ma sun gamu da cikas, domin sandunan da ke juya farfela sun yi ta tsagewa, har sai da Orville ya koma Dayton ya ƙero wasu. Ranar 14 ga Disamba ƙuri'a ta faɗa kan Wilbur, amma ya ɗaga hancin jirgin fiye da kima, ya sauko bayan 'yan daƙiƙoƙi. Ranar 17 ga wata, da misalin ƙarfe 10:35 na safe, a gaban shaidu biyar, Orville ya tashi tsawon ƙafa 120 cikin daƙiƙa 12. Sun yi tashi huɗu a ranar, suna karɓa-karɓa. A na ƙarshe Wilbur ya yi ƙafa 852 cikin daƙiƙa 59. Jim kaɗan iska ta kifar da jirgin ta kakkarya shi, bai sake tashi ba.

7.0 Ɗaukaka da Rasuwarsa

Sun ci gaba da gwaji a wata makiyaya kusa da Dayton, inda ranar 5 ga Oktoba, 1905, Wilbur ya yi tafiyar mil 24 cikin minti 39. Sun sami takardar haƙƙin mallakar ƙirƙirarsu a 1906. Duk da haka mutane da yawa, musamman a Turai, suna ɗaukar su maƙaryata. A 1908 Wilbur ya tafi Faransa, ya tarar an lalata sassan jirginsa wajen binciken kwastan. Ya shafe makonni yana gyara da hannunsa, har tiyon lagireto ya fizge, tafasasshen ruwa ya ƙona shi. Ranar 8 ga Agusta ya tashi a wani filin sukuwa kusa da Le Mans, kuma yadda yake karkata yana shan kwana cikin sauƙi ya rufe bakin masu shakka. Wannan farin ciki ya gauraya da baƙin ciki, domin ranar 17 ga Satumba farfelar jirgin Orville ta tsage a Amurka, suka faɗo, fasinjansa Laftanar Thomas Selfridge ya mutu, shi kuma ya ji mummunan rauni.

Sun kafa kamfani a 1909, Wilbur na shugabanta. Daga nan shari'o'in kare haƙƙin mallaka, musamman da Glenn Curtiss, suka cinye lokacinsa da ƙarfinsa, suka raba shi da bincike, har jiragen Turai suka sha gaban nasu. Masana da dama na ganin wannan a matsayin rauni a tarihinsa. Zazzaɓin taifod ya kama shi, ya rasu a Dayton ranar 30 ga Mayu, 1912, yana da shekara 45, bai taɓa aure ba. Orville ya rayu har 1948.

8.0 Tasirinsa

Shekara 22 kacal bayan tashin farko, ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a Kano, a zamanin Sarki Usman na Biyu. A 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Zariya. Al'adar ƙera ƙaramin jirgi a gida ma ta ɗore. A 1929 wani Ba'amurke, Bernard Pietenpol, ya tashi da jirgin katako mai injin motar Ford, daga baya wasu suka riƙa amfani da injin Volkswagen. Jirgin horar da sojan saman Nijeriya mai suna Air Beetle, wanda aka harhaɗa a Kaduna, ya samo asali ne daga tsarin irin waɗannan jirage na gida. A 2007 kuma wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya ja hankalin duniya da jirgi mai saukar ungulu da ya haɗa da injin motar Honda.

9.0 Kammalawa

A taƙaice, rayuwar Wilbur Wright ta nuna cewa ƙarfin inji ko yawan kuɗi ba su ne suka buɗe hanyar sama ba. Shi da ƙanensa sun fara gano ainihin matsalar, suka auna komai da kansu, suka rubuta sakamako, sannan suka zaɓi ƙaramin injin da lissafi ya nuna ya isa. Basirar hannu ba ta yi ƙaranci a ƙasar Hausa ba. Abin da ya rage ga malamai shi ne su haɗa ta da awo da lissafi da ajiye bayani a rubuce.

Tambayoyi

1. Kawo rukunoni uku da Wilbur ya kasa matsalar tashi sama, ka bayyana dalilin da ya sa ya fara da na uku.
2. Yi bayanin tsarin wutar injin 1903 da amfanin maganeto a cikinsa.
3. Kwatanta hanyar da Langley ya bi da wadda 'yan'uwan biyu suka bi.