Tarihin Likita Ludwig Guttmann, Gatan Masu Karayar Baya

Duk mai bin manyan motocin kasuwa daga Maiurno da Sinja zuwa Damazin ko Galabat ba zai rasa sanin wani da mota ta kife da shi ba, ya karye a ƙashin baya, ƙafafu suka shanye. Abin da 'yan'uwa kan fara tambaya shi ne ko zai rayu ya sake neman na kansa. Likitan da ya sauya amsar wannan tambaya shi ne Ludwig Guttmann.

An haife shi ranar 3 ga Yuli, 1899 a garin Tost na Jamus, wanda yanzu yake cikin Poland. A 1917, yana aikin sa-kai a asibitin masu haƙar kwal, ya ga wani ƙaƙƙarfan mahaƙi mai karayar baya da aka fid da rai da shi, cikin 'yan makonni kuwa ya mutu. Gyambon kwanciya da ciwon mafitsara ne suka yi ajalinsa.

Ya zama likita a 1924, ya ƙware kan jijiyoyi a birnin Breslau. Da yake Bayahude ne, mulkin Hitler ya raba shi da aikinsa a 1933, sannan ya ƙaura Ingila a 1939. A Fabrairun 1944 ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville.

Nan ya nuna cewa makomar majinyaci ba ta rataya ga girman rauni kaɗai ba, har da lafiyar fatarsa da mafitsararsa da kuma ƙarfin da ya rage a damatsansa. Saboda haka ya sa ana juya kowa bayan awa 2, dare da rana, ana fitar da fitsari cikin tsafta, kuma ya wajabta motsa jiki da koyon sana'a.

Ranar 29 ga Yuli, 1948 ya shirya gasar harbin kibiya ta mutum 16 a kan keken guragu. Ita ce ta haifi wasannin nakasassu na duniya da aka fara a birnin Rum a 1960. Ya rasu ranar 18 ga Maris, 1980.

Don haka, ɗan'uwa, in kana da irin wannan majinyaci a gida, ku riƙa juya shi, ku duba fatarsa kullum, ku gaggauta kai shi asibiti in fitsarinsa ya yi wari ko zazzaɓi ya taso. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.