Sarkin Musulmi Bello da Labarin Ƙasa

An haifi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu a 1781. Ya yi karatu wurin mahaifinsa da baffansa Abdullahi. Shi ya gina Sakkwato a 1809, ya zama Sarkin Musulmi a 1817.

A 1812 ya wallafa Infaƙul Maisuri. Kafin ya shiga zancen jihadi, sai da ya fara jera ƙasashen Takruru, kamar su Wadai da Bagarmi da Barno da Azbin da ƙasar Hausa, ya faɗi inda kowace take da irin mutanenta da malamanta.

Da Bature Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, Bello ya sa aka zana masa taswirar ƙasashen nan da Kogin Kwara. Aka buga ta a Ingila a 1826.

Ya rasu a Wurno a 1837, Allah Ya jiƙansa.

To, malamai, masu cewa labarin ƙasa karatun Nasara ne, sai su duba. Mu koya wa almajiranmu shi, don fatauci da hanyar hajji ba su yiwuwa sai da sanin ƙasa.