Tarihin Archibald Low, Baturen da Ya Fara Dabarar Tuƙa Jirgin Sama Daga Ƙasa

In an ga ɗan ƙaramin jirgin sama yana shawagi ba kowa cikinsa, mai shi na tsaye a ƙasa da ɗan akwati a hannu yana juya shi yadda ya ga dama, sai a zaci wasa ne na zamanin nan. To, abin ya haura shekara ɗari, kuma da yaƙi ya fara. Tun da yake irin waɗannan jirage sun fara shigowa hannun samarinmu, mun ga ya kyautu mu ba malaman makaranta da akawuna na Ƙofa da Kankiya da Kusada, da sauran masu karatu, labarin mutumin da ya soma wannan aiki, don su san asalin abin da kuma inda hatsarinsa yake.

An haifi Archibald Montgomery Low a Purley, kudu da birnin Landan, ran 17 ga Oktoba, 1888. Ubansa injiniya ne. Ya yi karatu a makarantar St Paul's, sa'an nan ya shiga kwalejin koyon aikin injiniya a Landan, daga nan ya kama aiki a kamfanin wani ɗan'uwan iyayensa mai yin kayan mota. Tun yana saurayi aka san shi da kaifin basira, aka kuma san shi da wani hali guda, watau ya fara abu da zafi, kafin ya nuna ya sake shi ya kama wani. Cikin watan Mayu na 1914 ya nuna wa jama'a wata na'ura mai aika hoto ta waya, wadda ya sa wa suna Televista. Bayan 'yan watanni yaƙi ya ɓarke, ya ajiye ta. Sai a 1926 wani mutum dabam, John Logie Baird, ya nuna talabijin, sunansa ne kuwa duniya ta riƙe.

Daga 1915 Jamusawa suka riƙa aiko da manyan balan-balan da ake kira Zeppelin suna zuba wa garuruwan Ingila bom da dare. Low ya shiga rundunar jiragen sama ta sojan Ingila, aka ba shi muƙamin kyaftin, aka ɗora shi kan wata ma'aikatar gwaje-gwaje ta asiri a Feltham. Aikin da aka ba shi shi ne ya yi jirgin da za a cika da nakiya, a tuƙa shi da wayar iska daga nesa har ya je ya yi karo da abokan gaba. Don a ɓad da sawu, sai aka sa masa suna kamar wani abu ne da 'yan bindiga za su riƙa koyon harbi a kansa.

Wuyar aikin ba ta wajen tashi take ba, ta wajen biyayya take. Rediyon wancan zamani nauyi gare shi, ga rashin ƙarko, ga shi kuma tartsatsin wutar inji yakan dame saƙo. Ban da wannan, kowane mai rediyo yana iya aiko da nasa saƙon ya rikita jirgin. Saboda haka Low ya shirya umarninsa cikin wani tsari na ɓoye, yadda na'urar da ke cikin jirgin ba za ta saurari kowa ba sai maigidanta. A ganinmu wannan ita ce babbar dabararsa.

Ran 21 ga Maris, 1917, aka yi gwajin a Upavon, cikin wani makeken fili na soja, gaban manyan hafsoshi masu yawa. Gangar jikin jirgin kuwa Geoffrey de Havilland ne ya tsara ta. Mutanen Kano suna da tarihi da aikin wannan bawan Allah, gama jiragen nan uku da suka taso daga Masar suka sauka Kano ran 1 ga Nuwamba, 1925, na farko da suka taɓa sauka a Nijeriya, ƙirarsa ne. Aka harba ɗan jirgin da ƙarfin matsattsiyar iska, ya tashi, ya amsa umarnin da aka aika masa. Ba a daɗe ba injinsa ya tsaya, ya faɗo ya ragargaje. Cikin watan Yuli aka sake gwadawa a Northolt da wani jirgin, nan ma ba a kai ko'ina ba, don eriya ta tsinke wajen tashi.

Mu dakata nan kaɗan, don waɗannan faɗuwa biyu su ne har yau ke kada ƙananan jiragen da ake wasa da su: ko ƙarfi ya ƙare a sama, ko saƙo ya yanke. Gwanaye ne suka yi aikin, da kuɗin gwamnati, duk da haka abin ya faru, kuma abin da ya taimake su shi ne fili suka zaɓa. Malamin da almajiransa suka wuce ƙera jirgin karan dawa suka kai ga mai inji, sai ya fitar da su bayan gari, nesa da gidaje da kasuwa da wayoyin lantarki da garken shanu, 'yan kallo kuma su tsaya bayan mai tuƙi. Kafin a tashi, mutum ɗaya ya riƙe jirgin, mai akwatin ya ja da baya ya gwada ko fiffike da wutsiya suna amsawa daga nesa. Na'urorin yanzu suna da wani shiri wanda ke kashe inji da kansa in saƙo ya ɓace, amma sai an saita shi an kuma gwada. A kunna akwatin hannu kafin a haɗa batirin jirgi, domin farfela takan yanke yatsa kamar aska. Batirin kuwa ba ya son rana, wanda ya kumbura yana iya kamawa da wuta. Ranar da hazo ya sauko lokacin hunturu a haƙura, gama jirgin da ido bai gani ba, ba mai tuƙa shi. Akwai kuma maganar doka: a 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya ta hana tayar da jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, don haka a tambaya tukuna.

Yaƙi ya ƙare a 1918 ba a yi amfani da jirgin Low ba. Amma sojan ruwa sun ɗauki dabararsa suka sa a ƙananan jiragen ruwa masu gudu, aka tuƙa su da rediyo daga jirgin sama. A 1935 kamfanin de Havilland ya fito da jirgin Queen Bee, watau Sarauniyar Zuma, marar matuƙi, wanda 'yan bindiga suka riƙa koyon harbi a kansa da gaske, aka ƙera fiye da 400. Sunan da aka sa don yaudara a 1917 ya zama gaskiya ke nan.

Shi kuwa Low sai ya koma rubutu. Ya wallafa littattafai wajen 40, yawancinsu na bayyana kimiyya ga talakawa da yara, ya kuma shugabanci ƙungiyar masu nazarin tafiya sararin samaniya ta Ingila daga 1936 zuwa 1951. Jaridu suna kiransa Farfesa, malaman jami'a kuwa suna ƙyashin laƙabin, don ba su yarda ya cancance shi ba. Watakila wannan, da halinsa na barin aiki a rabi, su suka sa bai sami girman da ya kamata ba yana da rai. Ya mutu ran 13 ga Satumba, 1956, yana da shekara 67, aka binne shi a maƙabartar Brompton a Landan. Sai a 1976, bayan shekara 20, Amurkawa suka sa sunansa cikin jerin magabatan ilmin sararin samaniya a garin Alamogordo. Ragowar jirgin 1917 tana hannun gidan tarihin yaƙi na Ingila.