Teslim Balogun, Mai Harbi Kamar Tsawa

Duk wanda ya bi ta Surulere a Ikko zai ga filin wasa mai sunan Teslim Balogun, wanda aka buɗe a 2007. To, wane ne mai sunan?

Marigayi Balogun haifaffen Ikko ne. Saboda ƙarfin harbinsa 'yan kallo suka laƙaba masa Thunder, watau tsawa, har ana almarar cewa masu tsaron gida na shakkar tare ƙwallonsa.

A 1949 yana cikin 'yan wasa 18 da Nijeriya ta fara aikawa Ingila. Yawancinsu ba takalmi suka yi wasa, amma suka lallasa ƙungiyar Marine da ci 5 da 2.

'Yan Arewa ma suna da rabo a cikinsa, domin ya yi wa Jos wasa, ya taimaka ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale a 1951.

Ya koma Ingila a 1955, ya yi wa Queens Park Rangers wasa, ya kuma sami takardar horar da 'yan wasa. Yana cikin masu horarwar da suka raka Nijeriya wasannin Olamfik na 1968 a Meziko.

Ya rasu ran 30 ga Yuli, 1972.